Zaɓen Tumun Dare a Fagen Koyon Faɗa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shekaruna 21, ina zaune a Mabera. Wata bakwai ke nan ina zuwa koyon kareti da yamma wurin wani Masta. Gaskiya na fara gajiya. Kullum kata, wato jerin motsin da mutum ke haddacewa ya yi shi kaɗai ba abokin karawa, kullum tsayuwar mai doki har cinya ta riƙa rawa, ga naushin iska sau ɗari biyu. Da dare ina kallon damben boksin da UFC, gasar nan mai haɗa naushi da shuri da kokawa, da damben gargajiya a YouTube, sai in ga abin da ke kayar da mutum daban, abin da muke yi daban. Na ji an ce Bruce Lee bai tsaya ga salo ɗaya ba, ya ɗebi abin da ya yi masa amfani ya watsar da saura. Na gaya wa Masta ni ma haka nake so, in bar kata in koyi abin da ke aiki kawai. Ya ce in dai a wurinsa nake komai zan yi, in ba haka ba ga hanya nan. Shin laifi ne mutum ya zaɓi abin da ya dace da shi? Ko in bar shi in haɗa nawa salon?

Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sau biyu na karanta wasiƙarka, a na biyun ina dariya, don kaina na gani a ciki. Bari in fara ba ka abin da kake son ji: ba laifi ba ne. Duk wanda ya daɗe a harkar nan zaɓe yake yi, har Mastan naka. Abin da yake koya muku ba shi ne duk abin da aka koya masa ba, sai dai ba zai faɗa muku ba. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ka kawo maganar. Wata bakwai fa! Mai wata bakwai in ya ce zai zaɓa, zaɓen tumun dare zai yi: ya laluba cikin duhu ya karyo wanda hannunsa ya fara taɓawa, sai gari ya waye ya ga ba ƙwaya a jiki.

Ina ɗan shekara 19 ina ɗaure da bel mai ruwan ƙasa, ina ji da kaina kamar ƙasa ba za ta ɗauke ni ba. Akwai wani shuri da na ƙware a kai, wanda ake zagayo da ƙafa a nemi kunnen mutum. Ina da kawu mahauci a Unguwar Rogo, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa har hancinsa ya kwanta gefe guda. Wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe shi, na tarar da shi a tsakar gida kan 'yar kujera yana wasa wuƙa. Baki ya ja ni, na ce damben su na dā ai hannu ɗaya ne, mu yanzu ƙafa muke kai wa ka. Ko sanin cewa a dambe ma ana shuri ban yi ba. Bai tanka ba. Ya ajiye wuƙar, ya gyara zariyar wandonsa, ya miƙo hannun hagu a buɗe, ya ce in kawo. Na ɗaga ƙafa. Ban ga shigowarsa ba. Tafin hannu kawai na ji a ƙirji, ba ma duka ba, turi, sai ga ni zaune daɓas cikin ruwan wanke-wanke, matan gida na ta sheƙa dariya. Ya koma ya ɗauki wuƙarsa ya ce, "Kai yaro, ƙahwa biyu Allah yab ba ka, ka ɗauki guda ka miƙa ma iska. Da mi za ka tsayi?"

To ka san abin da na yi? Na yanke hukunci kareti ƙarya ce gaba ɗayanta. Na ninke farin kayana na cusa ƙarƙashin katifa, kusan shekara guda ban leƙa wurin atisaye ba. Na saki reshe na kama ganye. Sai daga baya na gane shurin ba shi da laifin komai. Ni gajere ne, ƙafata ba ta da tsawon da za ta kai kunnen mutum sai na matso inda hannunsa zai same ni. Kuma na sake shi haka nan tsurarsa, ban ruɗe shi da hannu ba, ban kawar da hankalinsa ba, ga tsohon ɗan dambe wanda duk rayuwarsa aunin tazara ce. Wannan shurin dai shi dogaye ke cin abinci da shi. Dubi maƙwabcinmu na Nijar, Abdoulrazak Issoufou Alfaga, wanda tsawonsa ya haura mita biyu: da ƙafa ya ci lambar azurfa ta taikwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Chika Chukwumerije ma da ita ya kawo wa Najeriya tagulla daga Bejin a 2008. Yau na bar shurin ka, ƙafata ba ta wuce haƙarƙari, amma na bar shi ne bayan na iya shi, na gwada shi a jikin mutane, na ga inda yake ci da inda yake jefa ni cikin ruwan wanke-wanke. Kai kuma katar da kake son bari, ka iya ta?

Tambayar ke nan da nake so ka kwana da ita. Akwai "bai dace da ni ba", akwai kuma "yana ba ni wuya", kuma a zuciyar mai koyo muryarsu ɗaya ce. Tsayuwar mai dokin nan da ke sa cinyarka rawa, ba wanda ke faɗa a haka, gaskiyarka. Amma ita ke gina ƙafar da za ka yi faɗan da ita. Ɗan kokawa ma ba ya kayar da kowa da buhun yashi, amma yana ɗaukarsa.

Bruce Lee da ka kafa hujja da shi, duba lissafin shekarunsa. Yana saurayi ya zauna ƙarƙashin malaminsa Ip Man a Hong Kong yana koyon salon Wing Chun, ya shiga damben boksin na makarantu ya ci a 1958, ya tafi Amurka a 1959 ya yi ta koyarwa yana karawa da masu salo iri-iri. Sai a 1967 ya raɗa wa nasa tsarin suna Jeet Kune Do, ya ɗauko takun ƙafa daga boksin da wasan takobi na Turawa. Sama da shekara goma ke nan. Mutane na tuna watsarwar, suna manta abin da ya tara kafin ya samu na watsarwa.

Wanda ya fi burge ni ma ba shi ba ne, Jigoro Kano ne, wanda ya kafa judo. Shi ma ƙaramin mutum ne. Ya yi karatu a makarantu biyu na tsohuwar kokawar Japanawa da ake kira jujutsu, sannan a 1882 ya buɗe tasa, Kodokan, a wani ɗaki na wurin ibada a Tokiyo, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Abin lura shi ne ma'aunin da ya yi zaɓe da shi. Bai ce wannan na so, wannan ban so ba. Ya ware dabarun da za a iya yi wa abokin atisaye da dukkan ƙarfi ba tare da an nakasa shi ba, ya ce waɗannan a yi ta gwabzawa da su kullum. Masu haɗarin kuma, irin su duka a makasa, bai zubar ba, ya adana su cikin kata. Sakamakon haka ɗalibansa suka riƙa gwada abinsu a kan mutumin da ke turjewa da gaske, ba wanda ya tsaya yana jira a kayar da shi ba. A 1964 judo ta shiga Olamfik a Tokiyo.

Waɗanda kake kallo a UFC ɗin ma kowa da gidansu. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, kokawa ya yi a Amurka tun yana sakandare, har ya zama zakaran rukuni na biyu na jami'o'i a 2010, kafin ya ɗora naushi a kai ya karɓi kambun UFC a 2019. Israel Adesanya ya shekara da shekaru a damben hannu da ƙafa kafin nasa kambun a 2019 ɗin. Kowannensu ya tara dabaru daga ko'ina, amma in wuya ta yi wuya gida yake komawa. Wanda ya haɗa nasa salon daga bidiyon minti ɗaya-ɗaya, in an matse shi, ina zai koma? Waya ba ta rama duka, ba ta kuma ce maka haɓarka a sama take.

Mu ma a gida haka abin yake. Ka saurari sunayen 'yan dambe in mai kalangu na kiransu: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Yaro na shiga fage da sunan ubangidansa, shi ke naɗa masa zare a hannu, shi ke cewa wannan ka isa ka taka shi, wancan bari sai baɗi. Bayan ya sha turmi ya yi kisa an kashe shi, sai ka ga tsayuwarsa ta bambanta da ta maigidan, wata rana kuma a ji wani yaro na amsa sunan shagonsa. Ba ina haɗa wasa da karatu ba ne, amma a garin nan ba sai an gaya wa kowa ba cewa Mujaddadi Shehu Usmanu ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan wata mas'ala, kuma bai fasa girmama shi da yabonsa ba. Sai dai ba a taɓa jin mai karatun Ahalari ya ce zai yi tarjihi tsakanin malamai ba.

Bari in ba ka labarin abin da ni da hannuna na so in zubar. Bayan na koma atisaye, aka turo wani ɗan bautar ƙasa makarantar da nake koyarwa, ɗan judo ne. Na roƙe shi ya koya mini kayarwa. Ya ce to, sai ya tara tsofaffin katifun ɗakin kwanan ɗalibai, ya sa ni faɗuwa. Faɗuwa baya, faɗuwa gefe, mirginawa ta kafaɗa. Haɓa a manne da ƙirji, hannu ya mari ƙasa, kada ka tokare da tafin hannu. Wata uku cur ban kayar da kowa ba, ni ke kayar da kaina, ɗalibai na leƙe ta taga suna cewa malamin motsa jiki ya samu taɓin hankali. Da a lokacin an ba ni takarda an ce in soke abu ɗaya mara amfani, shi zan fara sokewa. Shekaru bayan haka ina bayan ɗan kabu-kabu a hanyar Gawon Nama, akuya ta gitta, ya taka birki, na tashi sama. Ban yi tunanin komai ba. Jiki ne ya dunƙule da kansa, haɓa ta manne, na mirgina ta kafaɗar dama na tsaya a gefen kwalta. Riga ta yage, gwiwar hagu ta bugu, har yau in sanyin hunturu ya shigo tana gaishe ni, amma kaina bai taɓa ƙasa ba. Cikin shekara talatin da wani abu da na yi a harkar nan, ban taɓa naushin kowa a titi ba. Faɗuwa kuwa ta cece ni sau uku, har da santsin banɗaki.

Kada ka ɗauka goyon bayan Mastanka nake yi ido rufe. Akwai gaskiya a ƙorafinka. Kata ba ta koya wa mutum lokaci da tazara, don iska ba ta kaucewa, ba ta kuma kawo nata. An ce a tsibirin Okinawa, inda kareti ta fito kafin Gichin Funakoshi ya kai ta Tokiyo a 1922, akan shekara uku a kan kata guda, amma su suna warware ta ne gaɓa-gaɓa da abokin atisaye, ba rawa suke haddacewa ba. A salon kareti na Shotokan akwai kata 26. Ni huɗu na riƙe, sauran na sallame su, ban kuma yi nadama ba. Saboda haka ga abin da za ka duba, kuma ba a bakin Masta za ka duba shi ba: dubi ɗalibansa da suka shekara uku. Suna sa safar hannu da robar haƙori su kara da juna? In an kawo musu duka suna runtse ido su juya baya, ko suna kallonsa? In manyan na karawa kuma ka ga natsuwa a tare da su, to layi ne bai zo kanka ba, yi haƙuri. In kuwa mai shekara uku bai taɓa karɓar naushi ba, sai tarin bel kala-kala da kuɗin jarrabawa, to nemi wani wuri, ka yi sallama ta mutunci, kada ka zage shi a gari. Sakkwato ƙarama ce, gobe a wurin jana'iza ko ɗaurin aure za ku haɗu.

Ina kuma zargin a gaban ɗalibai ka yi masa maganar nan. In haka ne, amsar da ya ba ka ita ce ni ma zan ba ka. Malami ba zai bar kowane yaro ya tsara wa kansa darasi ba, in ba haka ba wurin ya zama kasuwar Kara. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, sannan ka ce, "Masta, motsin nan na uku a katar nan, a jikin mutum yaya yake aiki?" Malamin ƙwarai daɗin wannan tambayar yake ji. A ajinsa ka yi duk abin da ya ce. Zaɓenka kuma ka yi shi a naka lokacin.

Ga yadda nake sa yarana su yi shi. Sayi ƙaramin littafin rubutu na aljihu. Ɗauki dabara ɗaya tak, ko daga aji ko daga bidiyon naka, ban hana ba. Yi ta mako shida, sannan ka gwada ta a kan mutum uku: wanda ya fi ka tsawo, wanda ya fi ka nauyi, da wanda ya fi ka sauri, kowanne ka gaya masa kada ya raga maka. Bayan kowace karawa rubuta sau nawa ka sake ta, sau nawa ta shiga, me ya same ka da ta ƙi. In ta ƙi a kan duka ukun, kada ka soke ta tukuna, kai wa wanda ya iya ta ya ga ko kai ne ke ɓata ta. In ya gyara maka ta sake ƙi, ajiye ta, ka rubuta kwanan wata. Ajiyewa na ce. Jikin ɗan shekara 21 daban, na ɗan 40 daban, akwai abin da na ajiye ina saurayi don na ga na tsofaffi ne, yanzu shi ne abincina.

Wani abu da ba ka faɗa ba a wasiƙarka: me kake nema da koyon? In gasa ce, dokar gasar ce za ta yi maka rabin zaɓen, don abin da ke ba da maki a kareti zai sa a kore ka a boksin. In lafiyar jiki ce, kusan komai ya yi, sai dai ka kula da zafin garin nan. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40, ni bayan sallar asuba nake atisaye, da azumi kuma sai bayan asham. In kuwa kare kai ne daga masu ƙwacen waya, to ji da kyau: wanda ya zaro maka wuƙa, miƙa masa wayar. Duk bidiyon da ya nuna maka yadda ake ƙwace wuƙa cikin motsi uku, da wuƙar roba aka ɗauke shi, da abokin da aka ce ya tsaya. Ni jinin mahauta ne, na san abin da kaifi ke yi wa nama. Wannan dabarar kam ba sai ka yi mata mako shida ba, soke ta yau.

Ka ba Masta shekara guda cikakkiya daga yau, da littafinka a aljihu, sannan ka sake rubuto mini.

TAMBAYA

Malam, ɗana mai shekara 11 ya shiga taikwando. Na ga suna sunkuya wa malaminsu da junansu kafin su fara, abin ya tsaya mini a rai. In cire shi?

Daga wata uwa, Runjin Sambo.

AMSA

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ni ba malamin fatawa ba ne, hukuncin a nemi malamai. Abin da zan iya cewa shi ne a wurin mutanen Koriya da Japan sunkuyawar gaisuwa ce ta yau da kullum, kamar musafaha a wurinmu. Amma damuwarki na da tushe, don akwai hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a, ya yarda da musafaha. Wasan kansa kuwa, ai an ruwaito ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi.

Wannan yana cikin abubuwan da ba sai an shekara ana gwadawa ba kafin a ajiye, don ba ya ƙara wa shuri ƙarfi. A wurina yara na tsayawa ne a miƙe, su dafa ƙirji da hannun dama, su yi sallama, su gaisa da abokin karawa kafin da bayan wasa. Kada ki cire shi tukuna. Ki tura babansa ko kawunsa ya samu malamin a keɓe ya nemi a yi wa yaron wannan sauƙin, da wuya ya ƙi. Abu ɗaya dai ku sani tun yanzu: a gasa ta hukuma alƙalin wasa kan umarci 'yan wasa su gaisa irin tasu kafin a fara, don haka in yaron ya kai matakin fita gasa, ku tambayi malamin da kuka amince da shi tun kafin ranar, kada a bar yaro da ruɗani a tsakiyar fili.